Alhaji Abubakar Mahmud Gumi: Alƙalin Da Kwalejin Sakkwato Ta Gaji Sunansa

A cikin birnin Sakkwato akwai wata makarantar sakandare ta Gwamnatin Jiha wadda ake kira Kwalejin Tunawa da Shaihu Abubakar Gummi. A da an san ta ne da kwalejin nazarin Larabci, sai bayan rasuwar malamin aka sake mata suna domin girmama shi. A Kaduna kuwa, babbar kasuwar garin ita ma sunansa take amsawa. Amma in aka tsai da ɗalibi a bakin ƙofar wannan kwaleji, ko ɗan kasuwa a rumfarsa, aka tambaye shi ko wane ne mai sunan, amsar da za a fi samu ita ce malamin nan mai tafsiri a gidan rediyon Kaduna, ko kuwa uban 'yan Izala. Kaɗan ne za su tuna cewa sana'ar da ya koya, wadda kuma ta ɗaga shi har duniya ta san shi, ita ce alƙalanci. Ɗan alƙali ne, a makarantar horad da alƙalai ya yi karatu, da aikin muhuti ya fara cin abinci, kuma shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa baki ɗaya. Wannan fanni na rayuwarsa shi ya fi cancanta ɗalibai da ma'aikata su sani, domin a nan ne tarihin shari'a da tarihin ilmi na ƙasar Arewa suka haɗu a jikin mutum guda.

Daga Gummi Zuwa Kano

An haife shi a garin Gummi cikin tsohon Lardin Sakkwato, garin da ya faɗa cikin Jihar Zamfara sa'ad da aka ƙirƙiro ta a 1996. Waɗansu marubuta suna ajiye haihuwarsa a 1922, waɗansu kuma a 1924. Mahaifinsa, Malam Mahmud, shi ne alƙalin Gummi, malami ne kuma mai almajirai, saboda haka yaron ya buɗe ido ne a gidan da karatu da shari'a suke zaune tare. A hannun mahaifin nasa ya yi karatun allo, ya kuma fara littattafan fiƙihun Malikiyya bisa tsarin da aka gada.

A wancan zamani malamai da yawa ba sa ko son jin sunan makarantar boko. Har hakimai ma, in aka matsa musu su ba da 'ya'yansu, akwai masu tura 'ya'yan barorinsu a maimako. To, cikin irin wannan hali ne aka sa ɗan alƙalin Gummi a Elementare ta Dogon Daji cikin 1933. A can ya haɗu da Ibrahim Dasuki, wanda ya zama Sarkin Musulmi cikin 1988, a can ne kuma aka ba shi sarautar farko da ya taɓa riƙewa, watau Hakimin Salla, mai kula da ibadar 'yan uwansa 'yan makaranta. Daga nan ya wuce Midil ta Sakkwato, inda ya yi zamani da Shehu Shagari.

Daga Midil hanya takan rabu biyu. Hanya ta farko ita ce ta babbar Kwalejin Katsina, wadda aka mai da ita Kaduna cikin 1938, daga baya ta zama Barewa. Ita ce ta fitad da Firimiya da ministoci da manyan sakatarori, ita ce kuma Shagari ya bi. Hanya ta biyu, wadda ba ta kai ta farkon ƙyalli ba, ita ce ta Makarantar Shari'a ta Kano. Ita Abubakar Gumi ya bi a farkon shekarun 1940.

An buɗe wannan makaranta ne cikin 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da ƙoƙarin manyan malaman fadarsa irin su Waziri Gidado da Wali Sulaiman, aka kuma ɗauko shaihunai daga ƙasar Sudan su koyar. Littattafan da ake karantawa ba baƙi ba ne, su ne dai Risala da Muhtasar da Tuhufa waɗanda alƙalan ƙasar Hausa suka daɗe suna hukunci da su. Abin da ya zo sabo shi ne hanyar koyarwa. A zaure, almajiri yakan zauna gaban malaminsa da littafi guda, ya karanta jimla malam ya fassara masa da Hausa, har ran da Allah ya nufa ya sauke. A makarantar Kano kuwa akwai aji, da allon bango, da ƙararrawa, da jarrabawa, ga shi kuma ana son ɗalibi ya yi magana da Larabci ya kuma rubuta shi kamar mai harshe. Wanda ya fito daga nan yakan iya buɗe littafin da ba a taɓa biya masa ba, ya karanta ya fahimta, ya kuma gwada maganar wannan malami da ta wancan. Duk wanda ya lura da yadda Malam Abubakar ya riƙa kafa hujja a sauran rayuwarsa zai ga alamar wannan horo.

Sai dai 'yan wannan makaranta sun sha wuya ta fuska biyu. Malaman zaure suna yi musu kallon malaman Gwamnati waɗanda ilminsu bai nuna ba, 'yan boko kuma suna ganin Turancinsu bai kai ba, takardar shaidarsu ma ba ta buɗe musu ƙofar jami'a a lokacin. Ya kammala cikin 1947, shekarar da aka faɗaɗa makarantar aka sake mata suna Makarantar Nazarin Larabci.

Muhuti A Sakkwato, Malami A Maru

Aikinsa na farko shi ne muhuti a kotun Alƙali Attahiru a Sakkwato. Muhuti shi ke zama kusa da alƙali yana rubuta ƙara da maganar shaidu da hukunci cikin littafin kotu, saboda haka ba abin da ke wucewa bai gani ba. Ya kamata mai karatu ya tuna yadda kotunan wancan zamani suke. Alƙali ma'aikacin En'e ne: Sarki ke naɗa shi, daga Baitulmali ake biyansa, kuma wanda ya naɗa shi yana iya tuɓe shi. 'Yan doka masu kamu da gidan yari mai tsaro duk a hannun hukuma guda suke. An yi alƙalai masu tsoron Allah a ƙarƙashin wannan tsari, ba shakka, amma tsarin kansa bai ba alƙali wurin tsayawa ba in ra'ayinsa ya saɓa da na mai sarauta. Matashin muhuti bai daɗe a wannan aiki ba, ya koma koyarwa, da fari a tsohuwar makarantarsa ta Kano, sa'an nan cikin 1949 a Kwalejin Horad da Malamai ta Maru, inda Malam Aminu Kano yake koyarwa a lokacin.

A Maru ne sunansa ya fara fita, a kan wata mas'ala da duk yaron da ya karanta Ishmawi ya sani. Limamin garin ya saba yin taimama maimakon alwala in zai ba da salla. A fiƙihu kuwa taimama rangwame ce ga wanda ya rasa ruwa, ko wanda taɓa ruwa zai cuce shi saboda rashin lafiya. In ba ɗaya daga cikin irin waɗannan dalilai, ba ta tsayawa a madadin alwala, sallar mai yin ta kuma ba ta inganta, balle ta masu binsa. Malam Abubakar ya yi magana, ba a gyara ba, sai ya hana ɗalibansa bin limamin. Abin da ya sa maganar ta yi nauyi shi ne liman ba mutum ne shi kaɗai ba, yana da hukuma a bayansa, taɓa shi kuwa taɓa waɗanda suka naɗa shi ne. Zance ya kai fadar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka sa a bincika, hujjar matashin malamin kuwa ba ta faɗi ba.

Yana da sauƙi a yau a ɗauki wannan rigima ƙarama. Amma a auna: mutum ne wanda bai kai shekara talatin ba, ba shi da sarauta, albashinsa da ci gabansa suna hannun waɗanda yake ja da su, ga shi a ƙasar da ba a saba ƙarami ya buɗe littafi gaban babba ya ce ga abin da aka rubuta ba. Halin da ya nuna a nan, na fifita nassi a kan al'ada da girman mutum, shi ne abin da masoyansa suka fi yabo a gare shi, shi ne kuma abin da ya jawo masa mafi yawan abokan gaba.

Sudan Da Makka

Cikin 1954 Gwamnatin Jihar Arewa ta tura waɗansu malaman Larabci ƙaro ilmi a Bahtar Ruda, wata cibiyar horad da malamai da ke kusa da Farin Nilu a ƙasar Sudan. Yana cikinsu, tare da irin su Malam Haliru Binji da Malam Shehu Galadanci. Turawan mulki sun fi son Sudan a kan Azhar ta Masar ne domin tsoron kada ɗalibai su kwaso siyasar da ke tafasa a Alƙahira a lokacin. Ita kuwa Sudan tana hannunsu har zuwa ranar 1 ga Janairu, 1956.

Daga can ne ya tafi aikin Haji cikin 1955, shekarar da Sardaunan Sakkwato, Alhaji Ahmadu Bello, ya yi nasa Hajin na farko. Firimiya yana bukatar wanda zai yi masa tafinta gaban Sarki Sa'ud da manyan ƙasar, ga kuma ɗan lardinsa mai Larabci kamar ruwa. Amincin da ya ƙullu a wannan tafiya bai kwance ba har mutuwa ta raba. Cikin 1957 aka tura shi Jidda ya zama jami'in kula da alhazan Nijeriya, aikin da ya sa ya san malaman Hijaz da masu mulkinta, su ma suka san shi.

Gyaran Shari'a Na Gab Da Mulkin Kai

Ba za a gane kujerar da ya hau ba sai an san rikicin da ya haife ta. Tun zuwan Turawa sun hana yanke hannu da jifa, sun kuma sa sharaɗin cewa ba za a zartad da hukuncin kisa ba sai Gwamna ya sa hannu, amma sun bar manyan kotunan sarakuna da na alƙalai suna shari'ar laifuffuka bisa Malikiyya. A gefe guda kuma ga kotunan Turawa masu aiki da tasu dokar. Saboda haka laifi guda yana iya samun hukunci iri biyu, gwargwadon kotun da aka kai mutum.

Abin ya fito fili cikin 1947 a shari'ar wani mutum da ake kira Tsoho Gubba, wanda kotun Sarkin Gwandu ta yanke wa hukuncin kisa saboda kisan kai. A Malikiyya, wanda ya kashe da ganganci ƙisasi ya hau kansa in magadan mamaci suka nema, ba a kuma duba cewa tsokanarsa aka yi har zuciya ta ɗebe shi. In magada suka yafe, sai a yi masa bulala ɗari da ɗaurin shekara guda. A dokar Turawa kuwa magada ba su da ta cewa, amma tsokana mai tsanani tana sauko da laifin daga wanda ake kashewa a kansa zuwa wanda ake ɗauri. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin Gwandu. Sarakuna da alƙalai suka ga an tsoma hannu cikin Shari'a, aka yi ta yi wa doka kwaskwarima shekara da shekaru ba a sami matsaya ba.

Da mulkin kai ya gabato, sai matsin ya ƙaru. Ƙabilun da ba Musulmi ba suka kai kukansu gaban hukumar Willink, wadda ta zagaya ƙasa cikin 1957 da 1958, 'yan hamayya na NEPU kuma suna kukan cewa ana amfani da kotunan En'e ana ɗaure mutanensu. Gwamnatin Sardauna ta tura wakilai Libiya da Pakistan da Sudan su ga yadda ƙasashen Musulmi suka yi da tasu matsalar, sa'an nan cikin 1958 ta kira wani kwamiti na masana shari'a a ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat. A cikinsa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na Jami'ar London, da Shettima Kashim, da Mista Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Alƙalan Bida. Shawararsu ita ce a yi dokar laifuffuka guda ga kowa da kowa. Haka aka yi Final Kod cikin 1959, bisa samfurin ta Sudan wadda ita ma daga ta Indiya aka ɗauko ta, bayan manyan malamai a ƙarƙashin Wazirin Sakkwato Junaidu sun duba ta. Ta fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1960, watau jajibirin samun 'yancin Nijeriya. An bar ɗan abin da ya shafi Musulmi kaɗai a cikinta, kamar laifin shan giya da bulalar haddi, amma ƙisasi da diyya yadda littattafai suka tsara su sun fita daga kotu.

Abin da aka ba Musulmi a madadin wannan babban rashi shi ne Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a mai mazauni a Kaduna, wadda maganarta ita ce ta ƙarshe a kan aure da saki, da riƙon yara, da gado da wasiyya, da kyauta da waƙafi. Shugabanta na farko shi ne Shaihu Awad, mutumin Sudan, wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantar Kano. Aka naɗa Malam Abubakar Gumi mataimakinsa cikin 1960, cikin 1962 kuma ya gaje shi, yana da shekara arba'in ko ƙasa da haka.

A nan akwai abin lura. Mutumin da daga baya aka sani da kiran a koma ga Shari'a tsantsa, shi ne ya zauna a kan kotun da aka gina bisa sulhu, wadda aka yanke mata fiye da rabin hurumin alƙalan da. Masu sukarsa sun riƙe wannan a kansa. Amma wanda ya dubi abin da idon basira zai ga cewa kujerar ta zo da wani abu da alƙalin ƙasar Hausa bai taɓa samu ba a zamanin En'e. A karo na farko ga alƙalin Musulunci wanda ba Sarki ne ya naɗa shi ba, wanda darajarsa take kusa da ta manyan joji-joji, wanda kuma yake da ikon ya ɗauki hukuncin da aka yanke a kotun babban gari ya auna shi da littafi, in bai yi daidai ba ya rushe shi. Matar da aka danne wa gado a ƙauye, ko wadda aka ƙi raba ta da mijin da ya gudu ya bar ta, ta sami wata ƙofa da ba ta bi ta zauren hakimi ba. Kuma shari'un aure da gado, ko da yake ba su da amo kamar na kisa da sata, su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi taɓa gidan talaka.

Cikin waɗannan shekaru ne ya zama babban mai ba Firimiya shawara kan al'amuran addini. Yana cikin waɗanda suka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna cikin 1962, shekarar da aka kafa Rabiɗa a Makka, inda shi ma ya riƙa zama. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan Jama'atu shi ne gina makarantun da za su haɗa ilmin addini da na zamani a aji guda, kamar Kwalejin Shaihu Sabah ta Kaduna, wadda aka gina da taimakon ƙasar Kuwait, daga baya ta koma hannun Gwamnati aka sa mata sunan tunawa da Sardauna. Watau abin da shi kansa ya samu a Dogon Daji da Kano shi yake so 'ya'yan talakawa su samu.

Bayan Sardauna

Ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a gidansa. Da gari ya waye aka kai Alƙalin Alƙalai gaban Manjo Nzeogwu, shugaban masu juyin mulkin a Kaduna, ya sha tambayoyi. A ranar da manya da yawa suka ɓuya, shi ya nemi a ba da gawar Firimiya, ya kuma tsaya aka yi mata sutura da salla yadda addini ya tanada.

Daga nan abubuwa suka canja da sauri. Cikin Mayu 1967 aka raba Jihar Arewa gida shida. Gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta karɓe sauran kotuna daga hannun En'e ta mai da su kotunan yanki a ƙarƙashin Gwamnatin Jiha, tsarin da ya kankama cikin 1968. Tun daga lokacin alƙali ya daina zama bawan fada, ko da yake waɗansu za su ce ubangida kawai ya sake. Muƙamin Alƙalin Alƙalai guda ga Arewa duka shi ma ya tafi a hankali, kowace jiha ta sami nata; abokin karatunsa Haliru Binji ya riƙe na Sakkwato. A tsakiyar shekarun 1970 Malam Abubakar ya bar aikin shari'a, ya shugabanci hukumar alhazai ta ƙasa.

Maganar hurumin Shari'a kuwa ba ta mutu ba. Ta tashi a Majalisar Tsara Tsarin Mulki cikin 1978, inda wakilai Musulmi suka fice daga zaure saboda an ƙi yarda da kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta Tarayya. Ta sake tashi cikin 1999, shekara bakwai bayan rasuwarsa, sa'ad da Jihar Zamfara, wadda garin haihuwarsa yake cikinta, ta yi shelar mai da hukuncin laifuffuka hannun alƙalan Shari'a, jihohin Arewa goma sha ɗaya kuma suka bi sawunta.

Rasuwar Sardauna ta raba shi da inuwar da yake ciki, amma ta kuma kwance masa harshe, domin a da yana kiyaye siyasar Firimiya mai son haɗa kan Musulmi duka. Daga ƙarshen shekarun 1960 gidan rediyon Kaduna ya fara watsa tafsirin da yake yi cikin azumi a Masallacin Sultan Bello. Ba a taɓa samun malami a ƙasar Hausa da muryarsa ta kai inda tasa ta kai ba: ma'aikaci a barikin Kaduna, da manomi a Kura ko Garun Malam, da matar kulle wadda ba ta zuwa gaban malami, duk suna ji a lokaci guda. Salon kuwa na alƙali ne. Yakan kawo mas'ala, ya kawo nassi, ya yanke hukunci, ba ya kewaye-kewaye.

Da wannan salo ya fuskanci ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya, a rediyo, da cikin rubuce-rubucensa a Gaskiya Ta Fi Kwabo, da cikin littafinsa na Larabci mai suna Al-Aƙidatus Sahiha wanda ya fito cikin 1972. Manyan malamai irin su Shaihu Nasiru Kabara a Kano da Shaihu Ɗahiru Bauchi suka mai da martani da nasu hujjoji. Cikin 1978 almajirinsa Malam Isma'ila Idris ya kafa ƙungiyar Izala a Jos. Shi Malam Abubakar bai riƙe shugabancinta ba, amma kowa ya san daga koyarwarsa ta tsiro. Gaskiya ita ce wannan jayayya ba ta tsaya a littafi ba. Ta raba masallatai, ta raba uba da ɗa, a waɗansu wurare har jini ya zuba. Abin da ya dace a kotu, inda dole a ce wannan ya yi gaskiya wancan ya faɗi, bai zama lalle ya dace da garin da mutane za su ci gaba da zama maƙwabta bayan an tashi daga karatu ba. Haka kuma waɗansu maganganun da ya yi cikin 1987 game da shugabancin wanda ba Musulmi ba sun ɓata wa Kiristocin ƙasar nan rai ƙwarai. Masoyansa suna amsawa da cewa shi ne ya koya wa talaka tambayar hujja, ya kuma tsaya a kan ilmin mata da fitarsu jefa ƙuri'a a lokacin da malamai da yawa ba su yarda ba. Ɓangarorin biyu duk suna da abin riƙewa.

Aikin da ya fi kowane daɗewa a hannun jama'a shi ne fassarar ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, wadda ta fito cikin 1979, daga baya kuma maɗaba'ar Sarki Fahad ta Madina ta buga ta aka rarraba. Ya kuma rubuta tafsiri da Larabci mai suna Raddul Azhan. Cikin 1987 aka ba shi lambar Sarki Faisal ta hidima ga Musulunci.

Ya rasu ranar 11 ga Satumba, 1992, a wani asibiti a London, bayan fama da ciwon sankarar jini. Aka kawo gawarsa Kaduna, inda ya yi fiye da shekara talatin yana zaune, aka yi mata salla cikin taro mai yawan gaske. A shekarar ce kuma littafin tarihin rayuwarsa ya fito da Turanci, wanda ya tsara tare da Isma'ila Tsiga na Jami'ar Bayero.

Makarantar da Gwamnatin Jihar Sakkwato ta zaɓa ta ɗora wa sunansa ba kowace iri ba ce, irin waccan ce ta Kano da ta yi masa horo, wadda aka kafa domin yaro ya riƙe Larabci da ilmin addini a hannu guda, ilmin zamani a ɗaya hannun. Tana kuma cikin birnin da ya fara aikin muhuti cikin 1947, birnin da aka kai ƙararsa fada a kan rigimar Maru. A sunan kwalejin akan rubuta Gummi, yadda ake rubuta sunan garinsu, ba Gumi yadda jaridu da littattafai suka saba rubuta nasa ba.